Gadon kwana ko makullin ɗaki? Muhawara kan masu kwana a titin manyan birane

Ɗan Bronx: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yanzu na taso daga aikin dare, barci ya ƙi zuwa, shi ne na ce bari in sauke muku abin da ke cina. Wasunku sun san shekara shida ke nan ina aiki a ɗaya daga cikin gidajen kwanan marasa muhalli a New York, waɗanda a nan ake ce wa shelta. Akwai wani dattijo da na tarar a gidan tun ranar da na fara aiki. Jiya ma ina zagayen tsakar dare na gan shi a gadonsa, ya cusa takalmansa ƙarƙashin filo, ya naɗe igiyar jakarsa a hannu don kada a ɗauke yana barci. Mutumin nan yana da aiki fa, wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci, ba ya shan komai. Ɗaki ne kawai ya gagare shi.

Birnin nan yana da wata doka da ba kasafai ake samun irinta ba. A 1979 wani lauya, Robert Hayes, ya kai ƙara a madadin masu kwana a titi, da sunan ɗaya daga cikinsu, Robert Callahan. A 1981 aka yi sulhu a gaban kotu cewa duk namijin da ya nemi wurin kwana dole gwamnati ta ba shi gado. Shi Callahan bai ga ranar ba, ya riga mu gidan gaskiya kafin a sa hannu. Daga baya aka haɗa da mata, aka haɗa da masu iyali. Yau sama da shekara 40 ana ba da gado, a 2023 masu kwana a irin waɗannan gidaje suka haura 100,000. Tambayata ita ce, wannan magani ne, ko jinya ce da ba ranar sallama?

Ɗan Agege: Wa alaikumus salam Yaya. Wallahi da ka san yadda maganarka ta faɗo a kunnen mu mutanen Ikko, da ka gode wa Allah. Gado da filo da banɗaki, kyauta? A nan ƙarƙashin gada ma sai ka biya. A 2024 jami'an gwamnatin jiha suka gano ɗakuna 86 da aka yanka a ƙarƙashin gadar Dolphin da ke Ikoyi, ana karɓar naira 250,000 a shekara a hannun masu kwana ciki. Me aka yi? Rushewa aka yi. Yaranmu masu dako da tura baro a Mile 12, da yawansu a kan teburin kasuwa suke kwana, ruwan sama ya sauko su miƙe tsaye a rumfa har gari ya waye. Da babu gara ba daɗi, Yaya.

Baba Malam: Salamu alaikum. Ni abin da ya ɗaure min kai, ƙasar da ake cewa ta fi kowa kuɗi, a ce mutum yana aiki ya kasa kama ɗaki? Ɗan nan, ba dai shaye-shaye ne ya kai su ba? Don abin da muke gani a waya ke nan, mutane a sunkuye kamar an zare musu laka.

Ɗan Bronx: Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai masu shan ƙwaya, akwai masu taɓin hankali, su ne ake ɗauka a hoto domin su ido ke gani. Amma mafi yawan masu kwana a shelta a birnin nan iyalai ne, uwa da 'ya'yanta, yaran da safe su sa kayan makaranta su fita. Abin da ya koro su kuɗin haya ne. Binciken da birnin ya yi a 2023 ya nuna gidajen hayar da ba kowa a ciki ba su wuce kashi 1.4 cikin 100 ba, rabon da a ga ƙaranci irin wannan tun 1968. Masu araha kuwa ko kashi ɗaya ba su kai ba. Dattijon da na ba ku labari yana riƙe da takardar tallafin haya ta gwamnati, ya ninke ta a leda. Duk inda ya je, da zarar dillali ya ji da wannan takardar za a biya, sai a ce an riga an kama ɗakin. Doka ta hana yin haka, amma ana yi.

Kuma Baba, ko shi mai shan ƙwayar, ka dubi jihohin da suka fi fama da ƙwaya amma haya na da sauƙi, irin su West Virginia. Ba su da masu kwana a titi kamar Kalifoniya ko New York. Inda ɗaki ya yi tsada, mai rauni shi ake fara turewa waje.

'Yar Tudun Wada: Sannunku da hira, iyayena da yayyena. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa tofawa ba, amma wannan ta shafi inda nake. Aikin jinya nake yi a kusa da Helsinki, babban birnin Finlan. Su ma da irin tsarin da Yaya ya faɗa suke bi, kamar hawan tsani: ka fara kwana a ɗakin taro, in ka daina shan giya a matsar da kai gaba, in ka nuna hali nagari a ƙara matsar da kai, can a ƙarshe a ba ka ɗaki. Mutum ya zame sau ɗaya, ya koma matakin farko. A 2008 gwamnati ta juya abin. Aka ce a fara ba mutum gida tukuna, ba sharaɗin sai ya shiryu, sannan a bi shi da magani da shawara yana cikin ɗakinsa.

Akwai wani gini a titin Alppikatu da na taɓa shiga lokacin koyon aiki. Da gidan kwana ne mai gado 250. A 2012 aka mayar da shi ƙananan gidaje wajen 80, kowanne da kicin da banɗaki. Abin da ya tsaya min a rai, kowace ƙofa da sunan mai ɗakin a jiki, kuma ko mu ma'aikata sai mun ƙwanƙwasa an ce mu shigo. Wani tsoho ya nuna min tukunyar fure a tagarsa yana ta murmushi, ya ce shekara da shekaru bai mallaki abin da zai bari a wuri ya dawo ya tarar ba.

A 1987 marasa muhalli a ƙasar sun kai wajen 18,000. A 2023 sun koma ƙasa da 3,500.

Injiniya Kawo: Ƙanwata, labarin ya yi daɗi, amma mu tsaya kan lissafi. Finlan gaba ɗayanta mutum miliyan biyar da rabi ne da 'yan kai, ko rabin jihar Kano ba su kai ba. Sannan ni maganar a ba mashayi makulli ba tare da sharaɗi ba ta tsaya min a wuya. Ga lebura yana haɗa kankare tun safe har magariba bai samu ɗaki ba, sai wanda ya lalata kansa shi za a ɗauka a ba? Ina adalci a nan? Gobe kowa sai ya shimfiɗa kwali a bakin titi ya jira rabonsa.

'Yar Tudun Wada: Yaya Injiniya, ba kyauta ake ba su ba. Takardar haya suke sa wa hannu kamar kowa, suna biya duk wata, daga albashi ko daga tallafin da kowane mai ƙaramin ƙarfi a ƙasar ke da haƙƙin samu. Shi ma leburan da ka ambata yana da wannan haƙƙin, shi ya sa ba a jin haushi sosai. Kusan huɗu cikin biyar na waɗanda aka ba gida suna riƙe shi. Batun sharaɗi kuwa, ni ma'aikaciyar jinya ce, na san mutumin da bai san inda zai kwana yau ba, ba ya tuna shan magani, balle ya je ganin likita ranar Talata.

Amma kana da gaskiya a wani wuri. Abin bai yiwu ba sai da aka sami ɗakunan. Akwai wata gidauniya, Y-Säätiö, da aka kafa tun 1985 tana saye tana gina ƙananan gidaje, yanzu tana cikin manyan masu gidajen haya a ƙasar. Birnin Helsinki kuma shi ke da mafi yawan filayen da ke cikinsa, bai rabar da su ba. Kuma kada in ɓoye, a 2024 adadin ya sake ɗagawa, a daidai lokacin da gwamnati ta rage tallafi.

Ɗan Bronx: Abin da ke min ciwo, wannan dabarar ta fara ba mutum gida tukuna, a New York aka haife ta. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, shi ya fara ta a 1992. Wasu suka ɗauka suka ci moriya. Ko a nan Amurka, birnin Houston ya bi wannan hanya, cikin shekara goma ya shigar da sama da mutum 25,000 gidaje, marasa muhalli suka ragu da fiye da rabi. Injiniya, kai mai lissafi ne: gadon shelta ba araha ba ne. Akwai masu gadi, akwai abinci, akwai irina da ake biya mu kwana a zaune, ga motar asibiti da ake kira kusan kullum, ga 'yan sanda. Kuɗin ana kashe su ko ta yaya. Bambancin kawai, bayan shekara shida wane ne ke da ɗaki.

Maman Khalifa: Ni dai ku yi haƙuri in dawo da mu gida, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna yawan cewa mu ba mu da wannan matsalar, wai muna da zumunci. To ku zo Abuja da asuba. Ni a Mararaba nake zaune, ƙarfe biyar nake fita don in tsere wa cunkoson Nyanya. Akwai abokan aikinmu maza da daga Litinin zuwa Juma'a a ofis suke kwana, a kan kujera, tabarma na naɗe a bayan kabad. Akwai masu kwana a mota. Akwai iyalai a kangon da ba a gama ba, sun toshe taga da buhun siminti, suna biyan maigadi duk wata. Waɗannan duk ba wanda ya ƙirga su, domin ba a ganin su a bakin titi.

Sannan ka shiga Maitama ko Asokoro da daddare, ka ga gida bayan gida ba fitila, ba kowa sai maigadi da kare. A Disambar 2024 kotu ta ƙwace wani rukunin gidaje 753 a Lokogoma ta miƙa wa gwamnati. Gida 753, a wuri ɗaya! Ranar da na ji labarin, a ranar mai gidanmu ya aiko da notis cewa haya ta ƙaru, kuma ta shekara yake so a dunƙule, ban da la'adar dillali ga mai kama sabo. Albashi wata-wata, haya shekara-shekara. Ta ina mutum zai ɓullo?

Injiniya Kawo: Hajiya, wannan kam ba musu. Kuma ana cire wa ma'aikacin gwamnati kashi biyu da rabi cikin 100 na albashinsa zuwa asusun gidaje na ƙasa, tun dokar 1992. Rancen gida da asusun ke bayarwa da ruwan kashi 6 ne, wanda a ƙasar nan sauƙi ne, amma sai kana da takardar mallakar fili, sai albashinka ya isa biya. Mai shayi da ɗan acaba ba su ma cikin lissafin. Mu da ke cikin harkar gini mun sani, abin da ake kira gida mai sauƙin kuɗi ɗaki biyu ne ko uku da falo, a bayan gari, inda ba ruwa ba mota. Talaka ba zai iya saye ba, mai kuɗi ba zai zauna ba, sai ya saya ya kulle. Ku tambayi mutanen Kano shekara nawa gidaje da yawa a Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo suka yi a rufe bayan an gama su.

Ɗan Agege: Amma an taɓa yi a ƙasar nan ya yiwu. Lateef Jakande ya yi gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983, shekara huɗu kacal, ya gina rukunonin gidaje a Amuwo Odofin, Iponri, Abesan, Isolo da sauransu. Har gobe sunansa ake kiran wuraren da shi, kuma malaman makaranta da ƙananan ma'aikata ne suka shiga. Bayan shi sai aka koma katafila. Maroko, a Yulin 1990 lokacin Raji Rasaki, an tashi mutane wajen 300,000, yau wurin ya zama unguwar masu hannu da shuni. Otodo Gbame, tsakanin 2016 da 2017, sama da mutum 30,000, wasu a cikin kwalekwale suka kwana da 'ya'yansu. Wato mu a nan birni ba ya ma tsayawa kan gado ko ɗaki, shi da kansa yake ƙera marasa muhallin.

Baba Malam: Na saurare ku duka, kuma ɗana na Amurka, na karɓi gyara kan batun shaye-shaye. Bari in faɗi abin da na gani da idona. Muna yara a cikin birni, soron gidanmu ba a rufe shi. Mahaifinmu yana da tabarmi uku da buta a kusurwa, na baƙi ne. Duk wanda dare ya yi masa, ɗan ci-rani ne ko fatake ko mai neman magani a asibiti, zai yi sallama ya kwanta, da safe a miƙo masa koko daga cikin gida. Wani ya yi kwana uku, wani ya yi damina biyu. Akwai wanda daga soron nan aka yi masa aure, mahaifinmu ya yanka masa ɗaki a gefe. A kudu ma haka iyayenmu suka yi, Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi duk a kan saukar baƙo suka ginu, mai gida ya ba ka masauki, ya tsaya maka har ka kama sana'a.

Kun ga ashe soron nan ba wurin kwana ba ne kawai, ƙofa ce ta shiga cikin mutane. Shi ne abin da na ji babu a gidan da ɗana ke aiki. A Madina ma Ahlus Suffa a masallaci suke kwana, amma ba a bar Muhajirai haka ba, an haɗa su 'yan'uwantaka da Ansar. Kuma matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin rukunin mutane takwas da Suratut Tauba ta ba zakka.

Yanzu fa? Ni kaina na sa wa sorona ƙofar ƙarfe, tun shekarun tashin bama-bamai. Masallatai ana kulle su bayan isha'i. Ban ga laifin kowa ba, tsoro ne. Amma mun rufe tsohuwar hanya, ba mu buɗe sabuwa ba. In hunturu ya shigo ina fita sallar asuba ina tsallake yara a ƙofar shaguna, sun shige cikin buhu, ƙafafu duk faso.

Ɗan Bronx: Baba, ka sa na tuna 2023. Lokacin da baƙin haure suka yi ta kwararowa, sama da 200,000 daga 2022, har aka mayar da otal ɗin Roosevelt wurin karɓar su, mutane suka kwana a kan titi a ƙofarsa. Magajin gari na lokacin, Eric Adams, ya sa wa'adin kwana 30 ga marasa iyali, 60 ga masu yara. Da yawa 'yan Afirka ta Yamma ne, daga Senegal da Gini da Muritaniya. Wa ya kwashe su? Ƙananan masallatanmu na Bronx da Harlem. Bayan isha'i a shimfiɗa barguna a kan kafet, kafin asuba a naɗe. Na ga yaran da a cikin wata uku wani ya samo musu aikin kai saƙon abinci a keke, suka haɗu su huɗu suka kama ɗaki. Soron mahaifinka ne, Baba, ya tsallaka teku.

Ɗan Agege: To ka ga ni nan nake tsaye. Ban ƙi makulli ba, amma yaron da ruwa zai daka yau da daddare ba zai jira a gina masa gida ba. A yi rumfar kwana a kusa da manyan kasuwanni da tashoshi, da banɗaki da akwatin ajiya mai kwaɗo, ko ɗari biyu ce a karɓa. Kada son mai kyau ya hana mu yin mai yiwuwa.

Ɗan Bronx: Na yarda, ƙanena. Daren da ƙanƙara ke zuba, gadon nan rai yake ceta, na ga waɗanda aka shigo da su yatsu sun sandare. Tsorona ɗaya ne: da an gina wurin kwana sai hankalin hukuma ya kwanta, tunda an kawar da su daga idon jama'a. Duk wanda zai buɗe ƙofar shiga, a tambaye shi ina ta fita.

Injiniya Kawo: In ta fita ake nema, ni ga abin da na sani a aikace. A daina gina ɗaki uku da falo da sunan talaka. A gina ɗaki ɗai-ɗai, bene hawa biyu ko uku, banɗaki da madafa na tarayya, a cikin gari kusa da inda mutane ke neman abinci, haya wata-wata, kuma kada a sayar, don da an sayar ya tafi hannun masu kuɗi. Abin da ke cinye kuɗin gini a birni fili ne, kuma dokar filaye ta 1978 ta damƙa filin birni a hannun gwamna. Ba sai ya saya ba. Har yanzu dai ban sauka daga maganata kan mashaya ba, ni a fara da masu sana'a da zawarawa masu marayu.

'Yar Tudun Wada: Ko da su aka fara, Yaya, an fara. Sai dai na titin nan da kowa ke gudu, shi ne wanda zai mutu in an bar shi a ƙarshen layi.

Maman Khalifa: Baba Malam, tambaya gare ka. Mahaifiyarmu ta rasu ta bar gida mai ɗaki shida a Zariya, mu magada duk muna da inda muke zaune, gidan yana nan a kulle shekara biyu, har rufin ɗaki ɗaya ya fara zuba. Tun ɗazu nake tunaninsa. Ya halatta mu yi wakafinsa a kan zawarawa masu yara, su riƙa biyan ɗan abin gyara kawai? Kuma ladan zai kai gare ta?

Baba Malam: Ya halatta 'yata, sadaka ce mai gudana, kuma in kun yi da niyyarta ladan zai same ta in sha Allahu. Sharaɗi shi ne duk magada su yarda da bakinsu, in akwai ƙaramin da bai balaga ba kada a taɓa rabonsa. Ku rubuta a takarda da shaidu, ku kai kotu a tabbatar, ku naɗa amintaccen da zai kula da gidan, ku faɗi wa zai gaje shi in ya mutu. Nawa ne ku magadan?

Maman Khalifa: Mu biyar ne, Baba, duk manya. Babban yayanmu ne kawai nake jin zai ce a sayar. Zan kira shi bayan magariba.